Hausar da Kaka Ta Tafi da Ita

Duk wanda ya buɗe baki ya ce mini ya san yaren da ake yi a sama, sai na sake kallonsa da kyau, in ga abin da yake nema a hannuna. Hali ne da na daɗe da shi, tsufa kuma ya ƙara masa kauri. Na yi aikin nas a garin Doha har gwiwoyina suka ƙi zirga-zirgar asibiti, na koma jinya a gidajen mutane. A haka aka tura ni wani gida a unguwar Ain Khaled, gidan wani Bature injiniya da ya ɗauko mahaifiyarsa daga ƙasarsu don babu mai kula da ita a can. Tsohuwar ta ruɗe, ba ta gane mutane sosai, Turanci kuma ya zube mata kaf. Ina juya ta, ina shafa mata mai a baya, sai ta kafe ni da ido ta yi ta wata irin magana mai huci, kamar mai hura wuta ta gefen baki. Ni kuwa an zage ni da yaruka da yawa a garin nan, na san yadda ake yi. Na haƙura, na haƙura, ran nan dai na tare ɗan a falo.

Na ce, "Oga, in zagina Mama take yi, a gaya mini, in san matsayina a gidan nan."

Ya yi dariya har ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce ba zagi ba ne, addu'a ce da waƙoƙin coci, wani lokaci kuma tumakin babanta take kira. Wai su mutanen Wales ne, suna da yarensu daban da Turanci, ana ce masa Welsh. Ya ce tun yana yaro take gaya masa cewa Turanci na kasuwa ne da kotu, amma nasu shi ne yaren sama, da shi mala'iku suke hira. Ya ƙara da cewa a zamanin kakanninsa, yaron da ya yi yaren a makaranta rataya masa katako ake yi a wuya, a kuma zane shi, amma ranar Lahadi da shi suke yabon Allah. Shi kansa, in ji shi, ɗan kaɗan yake tsinta. Na ce to. Ban yarda duka ba, gaskiya. Ni a sanina Bature Bature ne, ina suka samo yare kuma? Na ɗauka rufa wa uwarsa asiri yake yi.

Da yamma direban gidan ya ɗauke ni zuwa unguwar Mansura, inda nake zaune. Bakatsine ne, dattijo mai raha, mun saba tun da ya ji ina Hausa. Na ba shi labari. Ya girgiza kai ya ce, "Sista, bar ta kawai, tsufa ne. Larabci ne harshen Aljanna, wannan khalas, ba abin musu ba ne." Ban yi masa musu ba, kowa da abin da aka raine shi a kai. Sai dai na ce masa, "Malam, ka san ni da na taso, Hausa na ɗauka ake yi a can?" Kai, sai da mutumin nan ya gangara gefen titi ya tsaya, don dariya ta hana shi tuƙi. Yana share hawaye yana cewa, "Hausa? Hausar nan tamu ta cinikin tattasai? Haba Sista!" Na taya shi murmushi don kada ya ji kunya, amma ni abin ba na dariya ba ne a wurina. Da na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, ko takalmi ban cire ba, kakata ce kawai a raina.

Ƙauyenmu a kan duwatsu yake, gidaje kewaye da shingen kerana, hanya siririya sai mutum ɗaya. Abin da ke tashe mu da safe shi ne ƙarar dutsen niƙa daga gida zuwa gida, mata na niƙa suna waƙa, wata ta jefa habaici ta saman shinge wata ta cafe ta mayar. Duk da yarenmu ake wannan. Da shi ake kiran awaki, da shi ake faɗa a bakin rafi, da shi ake rarrashin jariri, da shi ake sussukar acca har rana ta faɗi. Amma ranar Lahadi, da an buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a jikin itacen ɗorawa, sai kowa ya wanke ƙafa ya nufi coci, a bakin ƙofa kuma a ajiye yare kamar yadda ake ajiye sanda. A ciki Hausa ce zalla. Karatu Hausa, waƙa Hausa, addu'a Hausa, ko tsawa za a yi wa yaro mai surutu da Hausa za a yi. Mu da muka taso a haka me za mu ɗauka? Ni har mafarkin mala'iku na taɓa yi, kuma "sannu" suka ce mini.

Malamin cocinmu shi ma ba Bahaushe ba ne. Daga wata ƙabila ta gangare aka turo shi, ya yi shekaru a cikinmu bai koyi ko gaisuwarmu ba. Abin da ya sani game da yarenmu shi ne yana jin sa daga kan dutse idan tsofaffi suna hidimar dodo, kuma sunan da muke kiran Allah da shi, shi ɗin ne yake ji a bakinsu a can. Saboda haka duk wanda ya yi magana a gabansa da yare, sai ya bi shi da ido. Ba zan ci amanarsa ba, mutum ne mai wahala don mutane. Shi ke wanke gyambo, shi ke tafiya a ƙasa cikin ruwan sama ya kai mara lafiya asibitin mishan. Amma har yau ina da zargi a kansa. Da ya bari aka yi addu'a da yarenmu, ai kowane dattijo a ƙauyen zai iya tsayawa gaba ya yi, kuma ya fi shi iyawa. Wataƙila bai taɓa yin wannan tunanin ba. Ni dai na yi masa.

Kaka ce ta raine ni, uwar babana. Babana na cikin na farko da aka yi wa baftisma a ƙauyen, ya mutu ina goye, ramin kuza ya rufta da shi. Aka binne shi a bayan coci, Kaka tana tsaye a wajen shinge don ita ba mai bi ba ce. Mahaifiyata ta koma gidansu ta yi wani aure, ni aka bar wa Kaka. Matar nan baki gare ta, Allah ya ba ta. In ta fara tatsuniya har maza sukan ajiye abin da suke yi su matso. In mata biyu suka yi faɗa wurinta ake kawo su, ta yi musu wankin babban bargo, su tafi suna dariya. Ta san sunan kowane ganye a kan dutsen, da waƙar kowane aiki. Sai dai ba ta yarda da komai ba. Gishirin kasuwa sai ta lasa, ƙwarya sai ta ƙwanƙwasa, baƙo kuwa sai ta san uwarsa da ubansa kafin ta ba shi ruwa a ƙwaryar kirki. Hausa ma ba ta yarda da ita ba. Takan ce a bakin mai karɓar haraji ta fara jin ta, sai kuma a bakin wanda ya zo ɗibar samari zuwa haƙar kuza, don haka duk abin da aka faɗa da ita, wani abu za a raba ka da shi.

Na zama budurwa ke nan, wata Lahadi na dawo ta tambaye ni abin da Malam ya faɗa, kamar yadda ta saba, don ta samu abin kushewa. Na gaya mata ya ce masu baftisma wurinsu daban a lahira, marasa ita wurinsu daban, kuma babu hanya a tsakani. Ba ta kushe ba. Ta ci gaba da tsince ganyen gwate, can ta ce, "To ɗana yana wane gefe?" Na gaya mata. Ta ce, "Can za ni. Je ki gaya wa mutumin nan ya zuba mini ruwan."

Ashe ba haka ake yi ba. Sai an shiga aji, an haddace tambayoyi da amsoshinsu, a zo gaban Malam da dattawan coci a amsa da Hausa, baki da baki. Ni aka ɗora wa koya mata. Muna daka ina tambaya tana amsawa, muna hanyar rafi ina tambaya tana amsawa. Haddar ba ta ba ta wuya ba, matar da ke riƙe da waƙoƙin ƙauye guda a ka. Zargi ne ya ba mu wuya. In na ce, "Kin bar tsafi?" ta ce, "Na bari," sai ta tsaya da taɓarya a sama ta ce, "Me na ce yanzu?" In fassara mata. Ta ce, "Ɗan wannan guntun? Magana babba haka a ce ta shiga cikin ɗan wannan? Ke, me kika ɓoye mini? Kada fa in je in sayar da gonata da bakina." Daga baya na gano tana zagayawa wurin wani tsohon soja maƙwabcinmu da ya iya Hausa, ta karanta masa amsoshin ya juya mata su zuwa yare. Da ta ga maganarsa ta yi daidai da tawa, sai ta ce ai mun haɗa baki ne.

Shi ma Malam bai yarda da ita ba. Ya kira ni gefe ya tambaye ni ko tsofaffin kan dutse ne suka turo ta leƙen asiri, ko wani magani take so ta kai kabarin ɗanta. Na ce ɗanta kawai take so. Ya ce za a gani. Ranar jarrabawa ta ɗaura sabon zane, muka zauna a benci, dattawa a gabanmu. Tambaya bayan tambaya Kaka ta amsa, ko tuntuɓe babu. Na ga dattawan suna gyaɗa kai, zuciyata ta yi fari. Ita ma ta ga haka, daɗi ya kama ta, sai ta ɗaga hannu biyu sama ta gode wa Allah da yarenmu, da babbar murya, ta kira shi da sunan nan da muka gada. Wayyo. Fuskar Malam ta canja nan take. Ya rufe littafinsa ya ce bakinta ya amsa amma zuciyarta tana kan dutse, ta dawo baɗi.

Kaka ta kama hannuna ta ce in tambaye shi, shin Allah ba ya jin yarenmu ne? Na tambaya. Ya ce, "Allah yana jin komai. Amma yaren da aka yi wa dodo hidima da shi bai dace da gidan Allah ba. A sama ba za ta ji shi ba." Na juya mata maganar yadda take. Ta ce in sake tambayarsa, har ɗanta ma ba ya yi? Malam ya ce, "Ɗanta ya zama sabon mutum." Dattawan nan duk yarenmu suka tsotsa, kowannensu da shi yake magana da matarsa, amma ba wanda ya ɗaga kai. Muka fito. Da muka kai ƙofar gida ta ce in ɗora ruwa.

Da shekara ta zagayo ta koma, ta amsa, ta kama bakinta gam, aka kai ta rafi aka yi mata baftisma. Mata suka yi guɗa, na yi kuka don murna. Ban san abin da ta ƙudura ba. Tun daga ranar Kaka ta rufe bakinta ga yarenmu. Da farko mun ɗauka fushi ne ko wasa, sai muka ga kwana na tafiya. A lissafinta, yaren nan ya taɓa jawo mata asarar shekara guda, yanzu da ta samu ruwan da kyar ba za ta bari ya ɓata mata shi ba. Hausarta kuwa, in ka cire amsoshin aji, ba ta wuce ta roƙon ruwa ba. Zo, tafi, kawo, to, na gode. Da waɗannan ta rayu. Mata suka kawo faɗa ta nuna musu hanya da hannu. Yara suka taru don tatsuniya ta juya musu baya. Awakinta ma da tsaki da tafi take kiransu. Gidan da ake jin muryarsa daga bakin rafi ya koma sai ƙarar taɓarya.

Na yi iya ƙoƙarina. Nakan tsokane ta da yare, in ɓata waƙar niƙa da gangan don ta gyara mini, don da can ba ta iya jin kuskure ta yi shiru. Sai in ga leɓenta yana rawa, ta haɗiye. Ran nan na matsa mata, ta juyo ta yi mini wani kallo da ban taɓa gani a idonta ba, kallon da take yi wa baƙon da ba ta san asalinsa ba. Ta nuna kan dutse, ta nuna ni, ta ce da Hausa, "Su?" Wato ko su ne suka aiko ni in ɓata mata hanya. Ni da ta goya! Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, na shiga bayan rumbu na yi kuka na ƙoshi. Daga ranar ban ƙara ba.

Kwanakin baya wata 'yar ƙanwata ta turo mini bidiyo a waya daga gida. Cocinmu ne, an rushe na ƙasa an yi na bulo, da lasifika da fanka. Wani matashin fasto yana wa'azi da yarenmu, yana dubawa a takarda, harshensa na tuntuɓe a kan kalmomin da Kaka kan iya furtawa ko da tana barci. Yana cewa Allah ne ya ba mu wannan yare, mai tsarki ne, kada mu ji kunyarsa, har sunan nan na gado ya kira, jama'a suka amsa da amin. Na kalla a ɗakina na Mansura, iyakwandishan na ruri, abokiyar zamana 'yar Filifin tana waya da 'ya'yanta a gadon sama. Na so in yi murna, ta ƙi zuwa. Yaushe aka canja? Wa ya je ya dawo da sabon labari? Yanzu da masu yaren suka ƙare, 'ya'yana ba sa ji, jikokina ko Hausar ma sai a hankali, yanzu ne ya zama mai tsarki? Ni dai na san duk lokacin da aka ce ga yaren Allah, akwai wanda za a ba kujera, akwai wanda za a bari a wajen shinge. Tsohuwar Ain Khaled ma na fi tausayinta yanzu. Ko zagina take yi, ta yi ta yi, ba mai hana ta a gidan nan muddin ina wurin.

Ciwon ajalin Kaka ya zo ne da kaka, acca ta nuna, kowa na gona. Ni kaɗai ce a gida da ita. Na shimfiɗa mata tabarma a inuwar rumbu don ɗakin ya yi mata zafi, ina korar mata ƙuda. Da la'asar ta jawo bakin zanena. Ta dubi ƙofar gida, ta dubi saman shinge, ta tabbata ba kowa, sannan ta sa baki a kunnena ta yi magana da yarenmu, a hankali, kamar mai sata. Muryar da na yi shekaru ban ji ba.

Ta ce, "Koya mini magana ɗaya. In na sami ɗana, ke zai fara tambaya. Ya bar ki ba ki fara tafiya ba. Yaya zan gaya masa da yaren can cewa kin zama mace?"

Na ce, "Kaka, gaya masa da namu mana. A bakinki ya koya. Da shi ya kira ki tun yana rarrafe, yaya za a yi ya manta?"

Ta zare mini ido, da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Ta ce, "Ke kin je can ne?"

Ban je ba. Na share fuskata na ce, to, ki ce masa, 'yarka ta girma. Ta gwada, na gyara mata, ta sake gwadawa. Ta ce, "Iyakar abin da yake nufi ke nan? Ba ki ƙara komai ba, ba ki rage ba?" Na rantse mata. Ta daɗe tana kallona kafin ta yarda. Daga nan ba ta ƙara ko kalma ɗaya da yarenmu ba. Ta rufe ido tana maimaitawa, 'yarka ta girma, 'yarka ta girma, hannunta damƙe da zanena don kada in tashi ta manta ba mai tuna mata. Masu gona suka fara dawowa da dammunan acca a ka, tana nan tana yi, sautin na raguwa, har ya zama leɓe ne kawai ke motsi. Matar da ta fi kowa iya magana a kan dutsen nan, abin da ta tafi wa ɗanta da shi ke nan.